Farautar Kaka a Dakota ta Arewa: Agwagwa, Gauraka da Barewa, Daga Lasisi Har Tukunya

A jihar Dakota ta Arewa, can kan iyakar Amurka da Kanada, kaka lokacin farauta ce. Daga watan Satumba, da an girbe alkama da sha'ir, tsuntsayen da suka yi ƙwai a arewa sukan fara gangarowa kudu, su yada zango a dubban ƙananan tafkunan da ƙanƙarar zamanin da ta ƙwaƙule a wannan fili. Ana ƙiyasta cewa kusan rabin agwagin daji na nahiyar a wannan yanki na tafkuna ake ƙyanƙyashe su. Gauraka ke fara isowa, agwagwa da dinya su biyo baya, sannan a Nuwamba a buɗe harbin barewa da bindiga.

Na rubuta wannan jagora ne don ɗan'uwan da karatu ko aiki ya kai shi can, yake son cin naman da ya san yadda aka same shi. Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne harbin kansa bai kai minti guda ba. Halaccin naman da daɗinsa duka suna rataye ne a kan shirin da ka yi kafin harbi da abin da ka yi a sa'ar farko bayansa.

Takardu kafin bindiga

Dokar can ba ta wasa, kuma tana da dalili. Kafin 1918 mutane na harbin tsuntsaye suna lodawa a jirgin ƙasa zuwa kasuwannin birane, har wata irin kurciyar da a da garkenta ke rufe rana ta ƙare ƙaf, ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati a 1914. Dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ce ta tsayar da wannan ɓarna.

Fara da kwas ɗin koyon farauta. A Dakota ta Arewa duk wanda aka haifa bayan 1961 sai ya yi shi kafin a sayar masa da lasisi. Kada ka ɗauke shi wahala, a nan za a koya maka riƙe bindiga, tsallake shinge da ita, da gane inda bakinta ke kallo a kowane lokaci. Bayan lasisin jiha, mai harbin agwagwa da dinya da ya kai shekara 16 sai ya sayi kan sarkin agwagwa na gwamnatin tarayya. Tun 1934 ake sayar da shi, yanzu dala 25 ne, kuma kusan duk kuɗin ana sayen fadamu ne da shi don tsuntsayen. Akwai rajistar masu harbin tsuntsaye masu ƙaura ta kowace shekara. Gauraka tana da izininta daban. Lasisin barewa kuwa ƙuri'a ake yi, tun farkon bazarar can ake nema, kuma yana faɗin yankin da za ka yi farauta da ko namiji aka ba ka ko mace. Wanda ya tashi nema a Oktoba ya makara.

In da bizar karatu ko ta ziyara ka shiga ƙasar, dokar tarayya ta hana ka riƙe bindiga sai da wasu sharuɗɗa, ɗaya daga cikinsu shi ne mallakar lasisin farauta mai aiki. Wannan magana ce da za ta iya shafar zamanka a ƙasar, don haka ka tambayi lauya ko hukuma kafin ka taɓa ko da bindigar aro.

Sai wurin farauta. Yawancin filayen gonakin mutane ne. Akwai waɗanda masu su suka yarda da hukuma a buɗe wa mafarauta masu shiga da ƙafa, za ka gane su da alama mai kusurwa uku ruwan ɗorawa a bakin gona. Sauran kuwa ka je ka ƙwanƙwasa ƙofa ka nemi izini, ka rufe duk ƙofar shingen da ka buɗe, in ka samu nama ka kai wa mai gona rabonsa.

Agwagwa da dinya

Ranar da ta fi muhimmanci ita ce jajibiri. Da la'asar ka zaga da mota da abin hangen nesa, ka ga gonar da tsuntsaye ke sauka kiwo da tafkin da suke kwana. Kada ka yi harbi a makwancinsu. In ka tashe su daga can sun bar yankin gaba ɗaya, ka cuci kanka ka cuci sauran mafarauta. Ka tare su a gonar kiwo ko a ƙaramin tafkin da suke shan ruwa da hantsi.

Bindigar tsuntsaye mai watsa ƙwayoyi ake amfani da ita, kuma sai an toshe ta yadda ba za ta ɗauki fiye da harsashi 3 ba. Tun 1991 an haramta ƙwayoyin dalma a harbin tsuntsayen ruwa a duk Amurka, saboda agwagi na tsince su a ƙasan ruwa suna haɗiyewa suna mutuwa. Na ƙarfe ake sa wa, masu girman lamba 2 zuwa 4 ga agwagwa, manya kamar BB ga dinya da gauraka. Kafin ranar fita ka kafa babban kwali a nisan mita 30 ka harba, ka ga yadda ƙwayoyin ke bazuwa. Abin da ya wuce mita 35 ka bar shi ya wuce. Harbin nesa raunata tsuntsu yake yi ya je ya mutu a ciyawa ba wanda ya amfana.

Ka isa tun da duhu. Tsuntsu yana sauka ne yana fuskantar iska, saboda haka ka zauna iska na bugun bayanka, ka jera agwagin roba gida biyu, dama da hagu, ka bar fili a tsakiya kamar mita 20 daga maɓoyarka. Nan za su nufa. Ka rufe maɓoyar da irin karan da ke gonar, ka rufe fuska, ka daina motsi, don idonsu ya fi naka nesa ba kusa ba. Usur ɗin kwaikwayon kuka kuwa, sabon shiga ya rage busa shi. Kora yake yi fiye da kira in ba a iya ba. Zuba hatsi don jawo su haramun ne a doka, haka ɗaure agwagwa mai rai.

Ana buɗe harbin agwagwa rabin sa'a kafin fitowar rana. Adadin da aka saba yardarwa a wannan yanki, da ke kan hanyar ƙaurar tsuntsaye ta tsakiyar nahiyar, shi ne agwagwa 6 a rana, amma a cikin shidan akwai iyaka ga kowane jinsi, kuma tana canjawa shekara-shekara, sai ka karanta ɗan littafin dokar bana. Ma'ana dole ka gane tsuntsu yana sama. A wani jinsin, mai koren kai namiji ne, macensa ruwan ƙasa ce, kuma an fi taƙaita harbin matan. Akwai siririya mai dogon wuya da tsinin wutsiya, wadda 'yan'uwanta na Turai da Asiya ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru lokacin hunturu. Ita ma adadinta a taƙaice yake. Idan za ka ɗauko su zuwa gida, ka bar fiffike ɗaya da gashinsa ko kai a jikin kowane tsuntsu, don jami'in gandun daji ya iya gane jinsinsa a hanya.

Ga Musulmi akwai ƙarin magana a nan. Ka yi bisimilla lokacin da za ka danna kunama. Malaman Malikiyya na baya sun halatta abin da harsashin bindiga ya kashe, tunda yana huda jiki ya zubar da jini. Idan ka tarar da tsuntsun da sauran rai, sai ka yanka. Amma a hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Annabi (SAW) ya hana cin abin da aka harba aka same shi ya faɗa ruwa ya mutu, domin ba a san ko ruwan ne ya kashe shi ko kibiyar ba. Malamai sun yi bayani a kan wanda raunin ya riga ya kai makasa kafin ya faɗa, ka zauna da malaminka a kan wannan kafin ka fita. Ni dai wannan ne ya sa na fi son farautar gona a kan ta tafki: tsuntsu ya faɗo a busasshiyar ƙasa, ka ruga ka same shi, wuƙa na ɗamararka.

Gauraka

A nan ne kuskure ya fi tsada. Gaurakar da aka yarda a harba ita ce toka-toka mai jan goshi. Akwai wata fara, doguwa kusan mita ɗaya da rabi, mai baƙin bakin fiffike, wadda a 1941 saura kamar 20 kacal a duniya. Har yau ɗaruruwa ne kawai, kuma hanyarsu daga gandun Wud Bafalo na Kanada zuwa Aransas a gaɓar Tekzas ta bi ta kan Dakota ta Arewa a daidai wannan lokaci. Wani lokaci ma tare da toka-tokan suke tashi. Harbin ta babban laifi ne mai tara mai nauyi da yiwuwar ɗauri. Da asuba, in rana na bayan tsuntsu, fari da toka duk baƙi suke zama a ido. In ba ka ga launi sarai ba, ka sauke bindiga. 'Ya'yan farar suna da dabbare-dabbaren ruwan ƙasa, farar dinyar ƙanƙara kuma ita ma bakin fiffikenta baƙi ne, amma wuyanta gajere ne kuma ƙafafunta ba sa miƙewa a bayanta in tana tashi.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka gaurakarmu ta gida mai tukku ita ma abin harbi ce. Tamu ta ragu ƙwarai a Najeriya, tana cikin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu. Ta Amurka an ƙirga ta an ga yawanta na ɗaukar harbi, kuma duk da haka jihar Nebraska, inda suke taruwa dubu ɗaruruwa a kogin Filat, ba ta yarda a harbe su ba.

Gauraka tana da girman da ke ruɗin ido, sai ka ga kamar ta iso alhali tana nesa. Ka jira sai ka ga jan goshin. Wadda ta faɗo da rauni tana tsayawa ta yi faɗa, baki take kai wa ido, kada ka saki kare a kanta, kai ma ka zo mata ta baya ka kama wuya kusa da kai.

Barewa

Lokacin bindiga yana buɗewa da tsakar ranar wata Juma'a a farkon Nuwamba, ya yi kwana 16 da rabi. Dole ka sa hula da riga masu launin lemo mai ƙyalli, faɗinsu ya kai inci murabba'i 400. Barewa ba ta bambance wannan launi sosai, mutum ɗan'uwanka ne ake so ya gan ka. Hancinta ne makaminta, don haka ka zauna inda iska ke tasowa daga wajenta zuwa wajenka, a gefen hanyar da take bi tsakanin makwanci da gona, da sassafe ko dab da magariba.

Ina ba da shawarar harsashin jan ƙarfe. Na dalma yana farfashewa ya bazu cikin nama nesa da ramin rauni, ƙanana ƙwarai yadda ido ba ya gani. A 2008 a wannan jiha aka janye naman barewa daga wuraren rabon abinci ga mabuƙata bayan an gano ɓurɓushin dalma a ciki. Ga gidan da ke da yara ko mai juna biyu, bambancin kuɗin bai kai a tsaya ciniki ba.

Ka jira ta ba ka gefe. Ka auna bayan ƙafar gaba kaɗan, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji, nan huhu da zuciya suke. Ka tabbata ka san abin da ke bayanta, harsashi ba ya tsayawa don ya ratsa dabba. Bayan harbi ka lura da inda ta tsaya da inda ta ɓace. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, ba za ta yi nisa ba. Mai duhu na hanta ne. In ka ga kore-kore mai wari, tumbi ka samu.

Mafarautan can za su ce ka zauna rabin sa'a kafin ka bi sawu, in harbin tumbi ne ma sa'o'i da yawa, don kada ka kora ta ta yi nisa. Ta fuskar gano dabbar suna da gaskiya. Amma littattafan Malikiyya sun ce wanda ya yi sakaci wajen bin abin da ya harba, alhali da ya bi zai same shi da rai ya yanka, ba zai ci ba. Haka wanda ya bar wuƙarsa a jaka ko hannun wani har dabbar ta mutu yana neman ta. Mafita ɗaya na gani: kada ka yi harbin da kake shakka. Kusa, a gefe, dabbar na tsaye, bindiga na kan abin dogarawa. Harbin huhu yana gamawa cikin daƙiƙoƙi, sai ka tashi ka bi nan take ba ka saɓa wa kowa ba.

Ka tunkare ta ta baya. In ido a buɗe yake ba ya ƙiftawa in ka taɓa da kara, ta cika. In da rai, ka kiyayi ƙafafu da ƙaho ka yanka. Ka ɗaura takardar lasisi a jikinta kafin ka motsa ta.

Sa'ar farko

Zafi ne maƙiyin nama. Ƙarnin da mutane ke cewa na naman daji ne, mafi yawansa na dabbar da aka bari da kayan ciki ne, ko aka fasa tumbinta, ko aka ɗora ta a mota mai ɗumi aka yi ta yawo. Ka sa safar hannu. Ka kwantar da ita rigingine, kai a tudu. Ka zagaye dubura da wuƙa ka saki hanjin daga ƙashin ƙugu. Ka ɗaga fatar ciki ka tsaga kaɗan, ka sa yatsu biyu a ciki suna danne tumbi, kaifin wuƙa na kallon sama, ka ja har ƙashin ƙirji. Ka yanke tantanin da ya raba ciki da ƙirji ta kowane gefe, ka miƙa hannu sama ka yanke maƙogwaro, ka jawo, komai zai biyo a haɗe. Ka yi hankali da mafitsara. Hanta kuwa ka ɗauka hankali kwance, barewar can ba ta da matsarmama. A ƙafafun baya na namiji, ta ciki wajen gwiwa, akwai tukkun gashi mai duhu mai wari. Kada hannu ko wuƙar da ta taɓa shi ta taɓa nama.

Ka tokare haƙarƙari da kara iska ta shiga. Ana so naman ya sauka ƙasa da digiri 4 na ma'aunin Salshiyas (°C) da wuri. In yanayi na tsakanin digiri 1 da 4, ka rataye ta kamar mako guda, naman zai yi laushi. In ya fi haka ɗumi, ka feɗe ka raba gida huɗu ka sa a ƙanƙara.

Akwai wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa, wadda aka fara gani a jihar a 2009. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma dafuwa ba ta kashe abin da ke jawo ta, kuma hukumomin lafiya sun ce kada a ci wadda gwaji ya nuna tana da ita. In yankinka na cikin inda cutar take, ka kai kan barewar a gwada, ka jira sakamako, ka kuma duba dokar fitar da gawar daga yankin. Mu da muka saba da farfesun kai da tsotsar ɓargo, a nan sai haƙuri: ƙwaƙwalwa, laka, ido, saifa da kaluluwa duk a zubar. Ka zare nama daga ƙashi ba tare da sare gadon baya ba.

Idan za ka kai wa masu sarrafa nama, ka yi magana ƙarara. Naman barewa ba shi da maiƙo, al'adarsu kuma ita ce su haɗa shi da kitsen alade in za su niƙa. Wasu kuma suna haɗa barewar mutane da yawa a injin guda. Ka ce naka kaɗai, ba niƙa, ko ka yi fawarka a gida, wanda shi ne na fi so.

Tsuntsaye ma a cire musu kayan ciki da wuri, a baza su su huce, kada a tara su a buhu. Murar tsuntsaye na yawo cikin na daji a nahiyar tun ƙarshen 2021, saboda haka safar hannu, aiki a waje, kuma kada ka ɗauki wanda ka tsinta a mace.

A kicin

Duba kitsen agwagwa kafin ka yanke shawara. In fari ne ko ruwan madara, ta ci hatsi, ka fige ta ka babbake ka bar fatar. In ya yi ruwan lemo, ko tana cikin masu nutso suna cin kifi da dodon koɗi, ka cire fata da kitsen duka. Ka jiƙa naman a ruwan gishiri, babban cokali 4 a lita guda, ya kwana a firji. Ka bi kowane rami da yatsa ka ciro ƙwayar harsashi, ta ƙarfe tana fasa haƙori.

Ƙirjin gauraka ja ne, ba ƙarni, ya fi kama da naman sa fiye da na tsuntsu. Mafarautan can suna gasa shi su bar cikinsa ja-ja, amma hukuma ta ce naman tsuntsun daji ya kai digiri 74 a ciki, kuma da murar nan ni da hukuma nake. Don kada ya bushe, ka yanka shi falle-falle a gicciyen tsoka, ka shafa man gyaɗa da yajin ƙuli, ka yi tsire a wuta mai ƙarfi, minti biyu zuwa uku kowane gefe. Cinyoyin gauraka da na dinya, waɗanda da yawa ke zubarwa, su ne na farfesu. Suna da jijiya, sai an ba su sa'a uku a wuta kaɗan-kaɗan da albasa, citta, tafarnuwa, kanumfari, masoro, kimba da ɗan daddawa. Ƙundu da zuciya su shiga tukunyar.

A barewa, ka yanke kitsen duka ka zubar, yana daskarewa a dasashi kuma shi ke riƙe wari. Ka ɗaye farin tantanin da ke kan tsoka. Dogayen tsokoki biyu na gefen gadon baya su ne na balangu: gishiri, wuta mai zafi, a sauke a digiri 63, a bar shi ya huta minti 3 kafin a yanka. In ya wuce haka ya zama igiya. Wuya, karfata da ƙwauri na miya ne da dambun nama. Niƙaƙƙe kuwa sai ya kai digiri 71, in kana son maiƙo ka haɗa da kitsen sa ko na rago.

Cinya ta kilishi ce, kuma rashin kitsenta ya dace da shi. Sai dai rana babu a Nuwamban Dakota, kuma a 1995 a jihar Oregon busasshen naman barewa na gida ya kwantar da mutane da ciwon ciki mai tsanani. Ƙwayoyin cuta in sun bushe tare da nama sun fi jure zafi, don haka a fara zafin kafin shanya. Ka sa cinyar a firiza ta ɗan ƙame don ta yanku siriri, ka jera a tanda har naman ya kai digiri 71, sannan ka rage wuta zuwa kamar 65, ka ɗan buɗe ƙofar tanda tururi ya fita har ya bushe. Ka tsoma a labu na tunkuza da albasa da kayan yaji, ka sake busarwa, ka ƙarasa da ɗan gashi a kan garwashi.

Sauran naman ka ɗaure a leda ba iska, ka rubuta jinsi da kwanan wata, ka cinye cikin shekara, na agwagwa mai kitse kuma cikin wata 6. Sayar da naman farauta haramun ne a dokar can, ko kilishi ka mayar da shi. Kyauta ta halatta, amma in tsuntsaye masu ƙaura za ka bar wa wani ko ka ba shi ajiya, sai ka ɗaura musu takarda mai sunanka da adireshinka da sa hannunka, da yawansu da jinsinsu da ranar da ka harbe su.